Cire Babbar Manhajar da Ba A Buƙata Daga Kwamfuta Mai Manhaja Biyu

Kwamfuta mai manhaja biyu ita ce wadda aka ɗora mata babbar manhaja iri biyu, galibi Windows da ɗaya daga cikin ire-iren Linux, ta yadda duk sanda aka kunna ta sai ta tambayi mai ita wadda zai shiga. Ana yawan ganin wannan tsari a hannun ɗaliban kimiyyar kwamfuta da injiniyanci, irin masu karatu a nan Wudil, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, wadda kuma a da ake kira Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano. Wani darasi ya buƙaci Ubuntu, wato wani nau'in Linux, ɗalibi ya ɗora ta kusa da Windows, zango ya ƙare, faifan ajiya ya cika, sai ya nemi ya karɓe filinsa. Akwai kuma waɗanda Windows ɗin ce ta ishe su. Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi kuma Windows 11 ba ta amincewa da tsofaffin laftof da dama na hannu da ake sayowa a kasuwannin Kano, wasu sun gwammace su sallami Windows su zauna da Linux.

Ko wacce za a cire, wahalar aikin wuri ɗaya take. Babbar manhaja tana da mazauni biyu a cikin kwamfuta. Akwai sashen faifai inda fayilolinta suke, wanda kowa ke gani, akwai kuma 'yar ƙaramar manhajar tayarwa da ke karɓar ragama da zarar an danna makunni. Ɓarnar da ake yi a wannan aiki kan samo asali ne daga goge na farko an manta da na biyu. Saboda haka ka'idar aikin ita ce a fara mayar da ragamar tayarwa hannun manhajar da za ta zauna, a tabbatar kwamfuta tana tashi da ita kaɗai, sannan a taɓa sashen wadda za ta tafi.

Yadda za a mayar da ragamar ya danganta da tsarin da kwamfutar ke tashi da shi, kuma tsare-tsaren biyu ne. Tsohon tsari shi ne BIOS tare da MBR, wanda ya bayyana tun 1983. A cikinsa, bayit 512 na farkon faifai su ne komai: 446 na umarnin tayarwa, 64 na jadawalin sassa, sauran biyun kuma alamar cewa faifan na tayarwa ne. Ƙarancin wurin ne ya sa ba ya ɗaukar manyan sassa fiye da huɗu. Wannan gurbi na bayit 446 manhajar tayarwa ɗaya tak yake ɗauka. Idan an ɗora Ubuntu bayan Windows, manhajar tayarwarta mai suna GRUB ce ke mamaye gurbin, amma da yake ba zai ishe ta ba, sai ta ajiye ragowar jikinta a cikin sashen Linux. Wanda ya goge wannan sashe ya bar kan GRUB babu gangar jiki. Da an sake kunnawa sai baƙin allo ya bayyana da rubutun grub rescue, ga alamar rubutu tana ƙiftawa, babu Windows babu Linux. A nan ne hankalin mutane ke tashi, su ɗauka komai ya salwanta, alhali Windows da fayilolinta suna nan lafiya lau, hanyar isa gare su ce kawai ta toshe.

Sabon tsari shi ne UEFI tare da GPT, wanda ya zama ruwan dare tun fitowar Windows 8 a 2012. A nan an keɓe wani ɗan sashe mai tsarin FAT32, sau da yawa megabayit 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, da ake kira sashen EFI. Shi kamar zauren gidan haya yake, kowane ɗan haya ta nan yake shiga, kowa kuma da inda yake rataye makullinsa: Windows tana da jaka mai suna Microsoft, Ubuntu tana da tata mai suna ubuntu. Fitar ɗan haya ɗaya ba ta halatta rushe zauren. Allon uwa (motherboard) na kwamfutar kuma yana riƙe da jerin sunayen manhajojin tayarwa da wadda za a fara kira.

Gane tsarin da ake kai ba wuya. A Windows a buɗe msinfo32 a duba layin BIOS Mode, zai nuna UEFI ko Legacy. A Linux, idan jakar /sys/firmware/efi tana nan, to UEFI ne.

Kafin a taɓa komai sai an kwashe fayiloli masu muhimmanci zuwa wani faifai na waje, daga manhajojin duka biyun, har da wadda za ta zauna, domin kuskuren zaɓen sashe ba ya tambayar wanda aka yi niyya. Wajibi ne a kwashe na Linux tun daga cikin Linux, saboda Windows ba ta karanta tsarin ext4 na Linux da kanta. Ɗalibin da kundin bincikensa na shekarar ƙarshe ke cikin jakar gida ta Ubuntu ba zai hango shi daga Windows ba, kuma rashin ganinsa ne ke sa a ɗauka sashen fanko ne. Idan BitLocker, manhajar kulle faifai ta Windows, na kunne, a rubuta mabuɗin farfaɗowarsa mai lamba 48 a takarda, domin sauya tsarin tayarwa na iya sa Windows ta nemi shi. A tanadi filashi mai gigabayit 8 ko fiye, a ɗora masa manhajar girka wadda za ta zauna. Sai batun wuta, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake ɗauke ta ba sallama, ga kuma laftof na hannu da batirinsu ya gaji. Goge sashe daƙiƙa kaɗan ne, amma matsar da sashe na iya cin sa'o'i, kuma yankewar wuta a tsakiyarsa tana lalata bayanai. Kada a fara shi sai da cikakken caji da janareta ko sola a gefe.

Idan Linux ce za ta tafi a kwamfuta mai UEFI, a shiga saitin kwamfutar lokacin tashi, da F10 a yawancin HP ko F2 a Dell, a ɗaga Windows Boot Manager zuwa saman jeri. A sake kunnawa. Idan Windows ta tashi kai tsaye ba tare da allon GRUB ba, ragama ta dawo. A kwamfuta mai MBR kuwa sai an tashe ta da filashin Windows, a zaɓi gyara maimakon girkawa, a buɗe allon umarni a rubuta bootrec /fixmbr. Wannan umarni yana sake rubuta gurbin tayarwa ba tare da ya taɓa jadawalin sassa ba. Shi ne kuma maganin wanda ya riga ya faɗa cikin grub rescue. Yana da kyau a lura cewa a tsarin UEFI wannan umarni ba ya tsinana komai, duk da yadda ake yawan ba da shawararsa. Abin da ke sake gina fayilolin tayarwar Windows a can shi ne bcdboot.

Sai a buɗe Disk Management. Faifan zai bayyana a matsayin dogon zane mai gida-gida. Na Windows yana ɗauke da harafin C da alamar NTFS. Sassan Linux ba su da harafi, ba su da sunan tsari, girmansu kawai ake gani. Haɗarin shi ne sashen EFI da sashen farfaɗo da Windows su ma ba su da harafi. Don haka ya kamata tun a cikin Linux a rubuta umarnin lsblk, a kwafe girman kowane sashe nata a takarda, har da na swap idan akwai, sannan a gwada da abin da ke kan allo. A goge waɗanda girmansu ya dace kaɗai. A tsarin MBR sassan Linux kan kasance cikin wani babban sashe da ya ƙunshe su, sai an goge na ciki kafin na waje ya gogu.

Filin da aka samu zai fito da baƙin layi a samansa. Ana haɗa shi da C ta Extend Volume, amma Windows ba ta yarda sai filin yana manne da C ta hannun dama. Idan wani sashe ya shiga tsakani, zaɓin zai dushe. Mafi sauƙi a nan shi ne a mayar da filin sabon sashe mai harafin D a riƙa ajiya a ciki, wanda ma ya fi aminci ga fayiloli ranar da Windows za ta buƙaci sabon girki. Saura shara: umarnin mountvol S: /s yana buɗe sashen EFI, a goge jakar ubuntu ita kaɗai, sannan a cire sunanta daga jerin tayarwa ta saitin kwamfutar ko ta bcdedit. Wanda hannunsa bai faɗa ba zai iya barin jakar, ba ta cin wani wuri.

Idan Windows ce za ta tafi, aikin ya fi sauƙi ta fuska ɗaya, domin ragama tana hannun GRUB tun farko. A tashi da filashin Linux, a buɗe GParted, a goge sassan NTFS, a bar sashen EFI ko da kuwa Windows ce ta ƙirƙire shi. Matsalar ita ce Windows kan zauna a farkon faifai, don haka filin da ta bari yana hagu da Linux, kuma faɗaɗawa ta hagu na nufin kwashe dukkan bayanan sashen a matsar da su. Wannan ne aikin sa'o'in da aka ambata. Mai hikima sai ya tsara filin da ext4 ya mayar da shi ma'ajiya. Bayan haka a rubuta sudo update-grub don sunan Windows ya fita daga allon zaɓi, a kuma duba fayil ɗin /etc/fstab a cire duk layin da ke nuni ga sashen da aka goge, in ba haka ba Linux na iya tsayawa tana neman abin da babu. Game da lasisi, kwamfutocin da suka zo da Windows 8 ko sama daga kamfani suna ɗauke da mabuɗinsu a cikin allon uwa, goge faifai ba ya shafarsa.

Kwamfuta mai Windows biyu tana da nata tarkon. Ana cire sunan wadda ba a so ta msconfig, amma fayilolin tayarwar duka biyun kan kasance a faifan wadda aka fara girkawa. Idan tsohuwar tana wani faifai daban aka zare shi, sabuwar ba za ta tashi ba sai an gina mata nata da bcdboot.

Bayan cire Linux wasu kan ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Dalili shi ne Linux tana saita agogon cikin kwamfuta a kan lokacin UTC, Windows kuma tana karanta shi a matsayin lokacin gida, Nijeriya kuwa tana gaba da UTC da awa ɗaya. Daidaita lokaci sau ɗaya ya wadatar.

Goge sashe ba ya share bayanan da ke cikinsa, sunansa kawai yake cirewa daga jadawali. Wanda ya goge sashen da bai yi niyya ba ya dakata nan take, kada ya rubuta komai a filin, domin manhaja irin TestDisk kan iya dawo da shi, musamman a tsohon faifai mai juyawa. A faifan SSD damar ta fi ƙanƙanta, saboda umarnin TRIM kan sa a share gurbin da aka saki. Farfaɗowar bayanan kuma ta shafi mai niyyar sayar da kwamfuta ko bayar da ita: hotuna, takardu da kalmomin sirri da ke tsohon sashen suna iya farfaɗowa a hannun mai saye, sai an bi filin da cikakken fomat mai rubuta sifili a kansa, ko umarnin sharewa na musamman da masu ƙera SSD ke tanada. Wanda kuma buƙatarsa ta Linux ba ta wuce darasi ɗaya ko biyu ba, VirtualBox ko WSL, wanda Microsoft ya fito da shi a 2016, suna ba shi damar gudanar da ita a cikin Windows ba tare da an raba faifai ko an taɓa tsarin tayarwa ba.