Jawabin taron ƙungiya: tunawa da Steven McDonald, ɗan sandan da ya yafe

 

Yau muna so mu tuna da wani mutum na nesa, domin labarinsa ya shafi gidajenmu. Sunansa Steven McDonald, ɗan sanda ne a birnin Niyok na ƙasar Amurka. An haife shi a 1957.

Ran 12 ga watan Yuli 1986, yana bakin aiki cikin babban lambun birnin da ake kira Central Park, ya tsai da yara uku yana tambayarsu zancen satar kekuna. Ɗaya daga ciki, ɗan shekara 15, ya fid da bindiga ya harbe shi sau uku. Harsashi ya lalata masa laka. Tun daga ranar, daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi, ko numfashi sai da na'ura. Shekarunsa 29, aurensa bai cika shekara ba, matarsa Patti Ann kuma tana da ciki.

To jama'a, ga inda maganar take. A 1987, ranar da aka yi wa ɗansu baftisma, matar ta karanta wa jama'a saƙonsa, cewa ya yafe wa yaron. Shari'a ta yi aikinta, an kai yaron gidan kaso. Amma McDonald ya riƙa aika masa da wasiƙa, har wata rana yaron ya kira gidansu ta waya ya roƙi gafara. An sake shi a 1995, bayan kwana kaɗan ya mutu a haɗarin babur.

Hannun McDonald ba ya riƙe alƙalami, amma bakinsa da hankalinsa suna nan. A 1989 shi da matarsa da wani marubuci suka fid da littafin rayuwarsa, The Steven McDonald Story. Hukumar ƴan sanda ba ta sallame shi ba, ta ma ƙara masa girma. Bisa keken guragu ya shiga makarantu yana yi wa yara magana. Ya je Irelan ta Arewa da Bosniya da Isra'ila, wuraren da gaba ta daɗe, yana kiran sulhu. Ɗansa ya girma ya shiga aikin ɗan sanda a 2010. Shi kuwa ya rasu ran 10 ga Janairu 2017, bayan shekara 30 cikin wanga hali.

Abu biyu muke roƙon ku ɗauka. Na farko, wanda ya tafi nema ya komo da naƙasa, kada mu miƙa masa ƙoƙon bara. Mu dubi abin da ya rage masa, mu ba shi wurin zama cikin shawara da aiki. Na biyu, rigimar gona da ɓarnar bisashe kan raba dangi shekara da shekaru. A kai magana gaban maigari, a biya abin da aka yanke, sa'an nan a kashe wutar. Wanda aka raba da ƙafa da hannu ya iya yafewa, balle mu da aka ci wa damin gero.

Ku kai wagga magana gida. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.