IDIN BUKKOKI DA GODIYAR KAKARMU

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ikkilisiyoyin ƙasar Haɗeja, a Birniwa

 

An ce mu yi magana a kan idodin Yahudawa. Idodin suna da yawa, lokaci kuwa kaɗan ne, don haka muka ɗauki ɗaya, wato Idin Bukkoki, wanda su suke kira Sukkot. Dalilinmu shi ne kaka ta gabato, kowace ikkilisiya tana shirin ranar godiya, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya game da yadda muke yin ta. Tun da wuri a fahimce mu. Ba siyasar Gabas ta Tsakiya ce ta tara mu ba. Ba kuma cewa muke yi Kirista ya koma kiyaye idodin Tsohon Alkawari ba, taron manzanni a Urushalima ya raba wannan gardama tun tuni, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 15. Amma Ubangijinmu da kansa ya halarci wannan idi, bai kamata almajiransa su jahilce shi ba.

Umarnin idin yana cikin Littafin Firistoci sura 23. Ana fara shi ran 15 ga watan bakwai na Ibraniyawa, watan Tishri, kwana biyar bayan Ranar Kafara. A lissafinmu yana faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da muke yankan gero. Kwana bakwai mutum zai bar ɗakinsa ya zauna a bukka, domin tunawa da zaman kakanninsu a jeji bayan fitowa daga Masar. Har yau Yahudawa suna yin haka, a Urushalima, a Amurka, da Ingila, har da 'yan ƙananan jama'unsu da ke Abuja da kudu maso gabashin ƙasarmu. Mai gidan bene yakan kafa tasa a baranda ko a tsakar gida, a ci abinci a ciki, waɗansu har su kwana.

Malamansu sun shimfiɗa ƙa'idoji a kan bukkar, kuma wanda ya taɓa kafa rumfa a gona zai gane su nan da nan. Jikin bango kowane iri ne ya yi, amma rufin dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke shi, kamar kara ko reshen dabino. Kwano ba ya yi. Inuwa ta fi rana yawa a ciki, amma kada a cushe rufin. An fi so mutum ya ɗaga kai da dare ya hango taurari. Ba a kafa ta a ƙarƙashin itace ko wani rufi. Sa'an nan, in ruwan sama ya sauko har zai ɓata miya, a koma ɗaki, marar lafiya ma an ɗauke masa. Wannan ya burge mu ƙwarai, domin ya nuna ba azabtar da kai ake nufi ba. Su da kansu suna kiran idin lokacin farin cikinsu.

To, ga tambayar da ta dami malamansu. Isra'ilawa sun fita Masar ne a watan Idin Ƙetarewa, wata shida kafin wannan. Me ya sa ba a sa zaman bukka a can ba? Wani malami da ya rayu a Faransa a ƙarni na 12, Shamuwel ɗan Meyir, wanda ake kira Rashbam, ya ba da amsa. Ya ce an sa shi ne daidai lokacin da rumbuna suka cika, gidaje suka cika da albarka, domin a nan ne zuciya take fara raɗa wa mutum cewa ƙarfinsa ne ya tara masa. Sai a fito da shi daga ɗaki mai ƙofa da kuba, a zaunar da shi inda iska ke ratsawa, ya tuna iyayensa ba su da gona ko gida, amma ba su kwana da yunwa ba.

'Yan'uwa, mu mutanen wannan kwari ba sai an yi mana dogon bayani a kan bukka ba. Makiyayi ya san ta, masunci ya san ta, mai gadin kankana da riɗi ya san ta. A shekarar 2022 Idin Bukkoki ya fara ne da yammacin 9 ga Oktoba. A wannan lokacin, bayan ambaliyar da ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja, mutane da yawa, Musulmi da Kirista, suna kwance a azuzuwan makarantu da rumfunan buhu a bakin hanya. Ba wanda ya umarce su, ruwa ne ya fito da su. Waɗansunku kuma da ke zaune a nan, shekara da shekaru kuna yin sujada a rumfar kara da zana, kuna jiran fili ko takardar izinin gini. Mun san ciwon abin, kuma ba mu ce a daina nema ta hanyar da doka ta tanada ba. Sai dai mun ji matasanmu suna jin kunyar gayyatar baƙo zuwa irin wannan wurin sujada, suna cewa ba majami'a ba ce. Dattawa, ku karanta musu Nehemiya sura 8. Waɗanda suka komo daga bauta a Babila, 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtan da ba su so a gina garun birnin ba. Da Ezra ya karanta musu Shari'a, suka fita suka saro rassa, suka kafa bukkoki a kan soraye da tsakar gidaje da dandalin Ƙofar Ruwa, littafin kuwa ya shaida murnarsu ta yi yawa ƙwarai.

Akwai kuma zancen ruwa. A zamanin Haikali, kafin Romawa su rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, kowace safiya ta idin firist yakan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam ya zuba a bagade, ana roƙon damina mai albarka, domin su ruwansu yana farawa ne bayan idin. A ranar ƙarshe ta wannan idi ne Yesu ya miƙe ya kira masu ƙishi su zo wurinsa, a Yahaya sura 7. Wanda bai san al'adar ba, rabin maganar ya wuce shi.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya kawo mu. Maimaitawar Shari'a sura 16 ta lissafa waɗanda za a yi murnar idin tare da su: 'ya'ya, barori, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Ku lura, yawancinsu ba su da gonar kansu. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya yi kakkausar magana a kan mai kulle ƙofarsa ranar idi ya ci da iyalinsa kaɗai. A ganinsa wannan cikinsa yake yi wa biki. Suna kuma da al'adar marabtar baƙi bakwai a bukka, ɗaya kowane dare, su Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Yusufu, Musa, Haruna da Dawuda. Tun da waɗannan ba za su ci tuwo ba, koyarwar ita ce rabonsu na matalauta ne.

Mu kuma yaya muke yi? Ana kiran iyali iyali da lasifika, a faɗi buhu nawa wane ya kawo, a tafa. Daga nan a shiga gwanjo, zakara ɗaya ya kai kuɗin tunkiya don masu hali suna gasa. Ba mu ce kuɗin haram ne ba, da shi muke gyaran rufi da biyan mai bishara, mu ma mun sha riƙe lasifikar. Amma a godiyar kaka ta 2022 mun duba kujeru muka ga wani dattijo ba ya nan, mutumin da bai taɓa fashin sujada ba. Da yamma muka je gidansa muna tsammani ciwo ne. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ruwa ne ya tafi da shinkafarsa gaba ɗaya. Ya ce, “Fasto, da wane hannu zan fito in an kira sunana?” Ba mu sami abin ce masa ba. Ranar da ya fi bukatar 'yan'uwansa, tsarinmu ne ya zaunar da shi a gida.

A wannan idi Yahudawa sukan riƙe tsirrai huɗu tare: reshen dabino, wani lemo mai kaurin ɓawo da suke kira etrog, rassan wani itace mai ƙanshi, da rassan wani itacen bakin rafi. Tsofaffin malamansu suka ce lemon yana da ɗanɗano da ƙanshi, dabino ɗanɗano kawai, na ukun ƙanshi kawai, na bakin rafin kuwa ba ko ɗaya, kamar yadda jama'a take. Amma in aka rasa na bakin rafin nan, sauran ukun ba su cika umarnin ba.

Saboda haka ga roƙonmu, ku kai shi gaban majalisar dattawa ta kowace ikkilisiya. A bana a daina kiran suna da adadi. A ajiye baiko a gaba tare, ma'aji da sakatare su rubuta a littafi. Kafin a fara gwanjo, a fitar da kaso na hatsi domin gwauraye da marayu da waɗanda gonarsu ba ta yi ba, kada kuma a tsaya tambayar addinin maƙwabcin da yunwa ta kama. A kai musu gida da dare, ba a gaban jama'a ba. Bayan sujada a ci abinci wuri ɗaya, wanda ya kawo da wanda bai kawo ba, a tabarma ɗaya. Mun san waɗansu ma'aji za su ce kuɗin shiga zai ragu. Mai yiwuwa ne ya ragu, mu gwada shekara ɗaya mu kawo rahoto a taro na gaba.

Ikkilisiyar da take da gini, matasa su kafa rumfa a waje domin cin abincin, karan dawa da zana ba su da tsada a wannan lokaci. Wadda take cikin rumfa tun dā, sai ta ƙara tabarmi kawai.