Gara Ba Ta Jiran Kasafin Kuɗi

(Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango)

 

Da aka sanar cewa za mu yi magana a kan yadda ɗakunan karatu na manyan makarantu ke mayar da littattafansu da takardunsu cikin kwamfuta, wani ɗan uwa ya tare mu a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ina ruwan biri da gada? Mu da ko allon kirki ba mu da shi a aji." Tambayarsa tana kan hanya, kuma da labari za mu amsa ta.

Bara, mu uku da muka yi aji ɗaya muka koma kwalejin ilimin da ta yaye mu shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce. Kundin bincikenmu na kammala NCE muka je nema. A kan waƙoƙin wasannin yara na dandali muka rubuta shi, kuma daga bakin tsofaffin mata muka ɗauko su, waɗanda yau babu ko ɗaya da ta rage a raye. So muke mu koya wa 'yan aji huɗu. Ma'aikacin laburaren, dattijo mai haƙuri, ya kai mu wani sito da rufinsa ke yoyo. Mun sami bangon kundin da sunayenmu a kai. Cikinsa kuwa gara ta yi gini. Da ya ga jikinmu ya yi sanyi, sai ya ce ai an taɓa ɗaukar hoton kundayen duka a wani shiri da aka yi. Ya ɗauko ma'ajiyar kwamfuta daga aljihun tebur, aka jona. Hotuna ne dubbai, babu suna, babu shekara, babu sashe, sai lamba bayan lamba. Wanda ya san tsarin lambobin ya yi ritaya. Muka duba har la'asar, muka haƙura. Wataƙila waƙoƙin nan suna ciki, amma zamansu a can da rashinsu duk ɗaya ne.

A nan muka gane cewa sayen na'ura da ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙi a wannan aiki. Wahalar tana gabansa da bayansa.

Ba gara kaɗai ce abin tsoro ba. A watan Oktoban 2016 gobara ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos. A watan Afrilun 2021 wutar daji ta sauko daga dutse ta kama laburaren Jagger na Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu, inda aka tara tarin littattafan nazarin Afirka. Su ma da suke da kuɗi da ƙwararru ba su gama ɗaukar komai ba kafin wuta ta iso. Saboda haka tambayar farko ga duk mai tsara irin wannan shiri ita ce, da wanne za a fara? Masana sun ce da abin da babu kwafinsa a ko'ina, kuma yake dab da lalacewa. Littafin da aka buga dubbai yana iya jira. Rubutun hannu na wani malami, da kundin digiri, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 a kan takardar da yanzu take karyewa kamar busasshen ganye, su ne ba sa jira.

Sai batun rajista, wanda shi ne ya kayar da mu. Kafin a ɗauki hoton shafi ko ɗaya, dole a rubuta sunan mawallafi, da sunan aikin, da shekara, da harshe, da yawan shafuka, da inda asalin yake ajiye, a kuma ba shi lambar da za ta bi shi har abada. Mu malamai mun fi kowa sanin wannan. Yaron da ba ya cikin rajista, ko kullum yana zaune a aji, ranar jarrabawa babu shi. Aikin ya fi tsanani ga rubuce-rubucen Larabci da ajami irin waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke riƙe da shi. Yawancinsu warwarar takardu ne a cikin gafaka, ba ɗinki, ba lambar shafi. Abin da ke nuna jerinsu shi ne kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. In mai ɗaukar hoto bai iya karatun ba, ya hautsina su, to ya adana hautsini. Ke nan kowane shiri yana bukatar malamin zaure kusa da mai kwamfuta, kuma a ganinmu alawus ɗinsu bai kamata ya bambanta ba. Irin waɗannan takardu ba a danne su a cikin na'ura. Kyamara ake kafawa daga sama. Haka kuma manhajar da ke gane haruffa takan yi tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ namu na boko, balle rubutun hannu, don haka sai mutum ya bi ya gyara.

Idan an bi ƙa'ida, amfanin a fili yake. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbu a intanet mai suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa harabarta, inda malamin firamare a ƙauye zai nemo kundin digiri da wayarsa, ya karanta ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa Samaru ba.

Bayan ɗauka sai tsaro. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani gari dabam. Ma'ajiyar kwamfuta 'yan shekaru take yi ta mutu, ba kamar takardar kakanninmu da ta haura shekara ɗari biyu ba. Wa ke da na'urar da za ta buɗe faifan fulofi a yau? Asusun TETFund yana tallafa wa jami'o'i da kwalejojin gwamnati, amma tallafi yana ƙarewa, kuɗin lantarki da na intanet da albashin mai kula kuwa ba sa ƙarewa. Shirin da bai faɗi wanda zai biya a shekara ta biyar ba, an fafe gorarsa ne ranar tafiya. Kuma ɗaukar hoto ba izinin jefar da asali ba ne.

Akwai haƙƙin mutane ma. Dokar ƙasarmu tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka Magana Jari Ce ba abin da kowa zai ɗora a intanet yadda ya ga dama ba ne, ko da kuwa muna ganinsa yana yawo a WhatsApp. Gidajen malamai da ke ba da aron takardun gado su ma suna da haƙƙin a nemi izininsu a rubuce, a ba su kwafi, a mayar musu da kayansu.

Yanzu mu dawo ga ɗan uwanmu na bakin ƙofa. A ofishin kowane hedimasta akwai kabad, a cikinsa akwai rajistar ɗaukar ɗalibai da littafin tarihin makaranta wanda shugabanni ke rubutawa tun ranar da aka buɗe ta. Babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Da su ake tabbatar wa tsohon ɗalibi shekarar da ya shiga idan takardarsa ta ɓata. Kuma kowa a zauren nan ya san wani dattijo da ya yi shekara 35 yana koyarwa, ranar tantancewar fansho aka ce ya kawo takardar kama aikinsa ta farko, alhali ambaliya ta tafi da ita. Wasunsu suna zaune tare da mu yanzu.

TETFund ba ta zuwa firamare, amma waya mai kyamara tana aljihun yawancinmu. Muna roƙon shugabanni su kafa kwamitin mutum biyar, a fara da makarantu uku mafi tsufa a wannan reshe, da takardun aikin duk memban da ya yarda. A nemi izinin sakataren ilimi tukuna. Kada a ɗauki hoto sai an rubuta rajista. Sunayen yara da takardun ma'aikata amana ce, ba za su hau intanet ba: kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a ofishin reshe, ɗaya a hedikwatar jiha. Mu roƙi laburaren kwalejin da ke kusa da mu ya ba mu ma'aikaci ɗaya ya koya mana na yini biyu a hutun nan, kafin damina ta sauka. Mu ukun da muka je neman kundi mun riga mun ba sakatare sunayenmu, saura mutum biyu.