Kukan Ƙafar Mota da Fankar da ta Ƙi Juyawa

Yau za mu yi magana a kan tsohuwar mota da ciwo biyu da su kan kama ta. A cikinmu akwai direbobi, akwai yaran mota, sauranmu kuwa duk mu kan hau mota ran kasuwa. Motocin da ke zuwa ƙauyukanmu yawancinsu sun sha jiki. Tun shekarar 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, har yau kuwa ana ganin tsofaffinsu suna jigila. Tsohuwar mota ta kan faɗi ciwonta tun yana ƙarami, sai dai a ƙi saurara.

Ciwo na farko shi ne na boris. Mene ne boris? A tsakiyar kowace ƙafar mota akwai zobba biyu na ƙarfe, babba da ƙarami. Tsakaninsu an jera 'yan ƙwallaye, ko kuwa 'yan gungumen ƙarfe masu santsi, an cika su da giris. A kansu ƙafa ta ke juyawa, su ne kuma ke ɗauke da nauyin mota da kayanta da mu da ke ciki.

Abubuwa huɗu ke kashe boris: ruwa, da yashi, da lodi fiye da kima, da faɗawa ramuka da gudu. Da damina in mota ta ratsa rafi, ruwa ya kan shiga ya ɓata giris. Yashi kuma ya bi, ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa.

Yaya za mu gane ya lalace? Da fari za mu ji gurnani daga ƙafa, in an ƙara gudu ya ƙaru. In an karya kwana hagu kukan ya ƙaru, galibi na dama ne ya ci, domin can nauyi ya koma. In an tsaya, mu kai hannu kusa da tsakiyar ƙafar a hankali. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, ita ce abin tuhuma.

Sa'an nan mu gwada. Mu tsai da mota a wuri mai tauri, mu tokare sauran ƙafafu da duwatsu, mu ɗaga ta da jak. Mu sa gungumen ice mai ƙarfi a ƙarƙashinta, gama jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne. Mu kama taya sama da ƙasa, mu jijjiga. In tana kaɗawa, wani ya taka birki mu sāke jijjigawa. In kaɗawar ta daina, boris ne. Mu kuma juya ƙafar da hannu. Mai lafiya ta kan juya shiru, mai ciwo kuwa ƙarar-ƙarar za mu ji.

Kada mu ce bari a kai ƙarshen wata. Boris in ya bushe ya kan yi zafi har ya kafe, ko ya tarwatse ƙafa ta fice ana cikin gudu. Kuɗin boris kaɗan ne, amma rai ba a sayensa a kasuwa. Rigakafi ya fi magani.

Ga yadda a ke gyara a ƙafar gaba ta yawancin motocin da. A kwance taya da birki, a cire 'yar murfin tsakiya, a zare fin ɗin da ya kulle noti, a kwance notin. Za a sami boris biyu, babba a ciki, ƙarami a waje. A wanke su da kananzir, a duba su a rana. In sun yi 'yan ramuka kamar zanzana, ko ƙarfen ya yi shuɗi don zafi, sun gama aiki. A sauya su duka biyu tare da zobbansu, da robar da ke tare ƙura. Kowane boris da lambarsa a jiki. Mu karanta ta, mu rubuta, mu tafi da ita wurin mai kayan gyara. Mu guji na jabu, gama araha ba ta ado.

A cusa sabon giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, amma kada ya taɓa birki. A ɗaura noti ana juya ƙafa har ya zauna, sa'an nan a ɗan sassauta shi kaɗan, a sa sabon fin. In an matse ƙwarai boris zai ƙone, in an bar shi sako-sako ƙafa za ta yi rawa. Wasu motoci kuwa boris ɗinsu a rufe ya ke zuwa, sai da injin matsi a ke sa shi. Irin wannan a kai wa makanike, kada a yi gyaran gangar Abzinawa.

Ciwo na biyu shi ne na fankar cikin mota. Bayan sitiyari, can ciki, akwai ɗan ƙaramin lagireto wanda ruwan zafi na inji ke bi ta cikinsa. Fanka ke hura iska ta kansa, ta kawo ɗumi. Wanda ya bi hanyar Jos da asuba cikin hunturu ya san amfaninta. Da damina kuma ita ke share raɓar da ke rufe gilashi ta hana direba ganin hanya.

In fanka ta ƙi juyawa sam, mu fara da fis. In ya ƙone, mu sa wani mai lamba ɗaya da shi: mai 20 a madadin mai 20. Kada mu kuskura mu sa waya ko takardar taba a gurbinsa. Fis mai gadi ne, ya kan ƙone don kada mota ta ƙone. In sabon ya sāke ƙonewa, akwai wayar da ta sāle a wani wuri, sai a kira rewaya.

In fis lafiya ya ke, mu cire kan batir, mu duba wayoyi da makunni ko tsatsa ta ci su. In fanka tana aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone, a kan sauya shi. In tana ƙara, wataƙila ganye ne ko sheƙar ɓera. In tana hurawa amma iskar da sanyi, mu duba ruwan lagireto, amma sai inji ya huce, don kada tururi ya toye mu.

To, jama'a, abin da mu ke roƙo ke nan. Direba ya riƙa jijjiga ƙafafun motarsa bayan kowace damina. Mu fasinjoji kuma, in mun ji gurnani a ƙarƙashinmu, mu gaya masa cikin ladabi tun ba a yi nisa ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.