Hannun da ya fi naka miƙewa



Akwai tabarau na kwamfuta, irin su Meta Quest, wanda da zarar ka sa shi sai ka tsinci kanka a cikin duniyar hoto. Masu tsara ta suna da wata dabara: ka motsa hannu kaɗan, hannun da kake gani ya miƙe da nisa. Ka yi taku huɗu, a can ka yi biyar.

Ƙwaƙwalwa tana yarda, amma da iyaka. A 2010 Frank Steinicke da abokan aikinsa a Jamus sun gano ana iya ƙara nisan tafiyar da kusan kashi 26 cikin 100 ba tare da mutum ya farga ba. In aka wuce gona da iri, sai ya ji kamar wani ne ke sarrafa jikinsa, wasu har da jiri.

Ni wajen jinya abin ya fi jan hankalina. A Barcelona, a 2015, an ƙara wa motsin raunanan hannayen masu shanyewar ɓarin jiki ƙarfi a hoto, sai suka ƙara sha'awar amfani da hannun da suka yi watsi da shi. Ranar da na'urar ta iso asibitin Patrick Yakowa a Kafanchan, masu gashin ƙashi ne za su yi aikin da ya fi wuya: rage ƙarin sannu a hankali. In ba haka ba, dattijo zai koma Kagoro ko Zonkwa, ya miƙa hannu ga kofin ruwa, hannun ya ƙi kaiwa.