Feshin Kumfa a Rufin Gida: Abin da Ya Kamata Magidanci Ya Sani

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano da bazara ya san wahalar zafi. Saboda haka ne masu gidaje ke tambaya game da wata dabara ta fesa kumfa a cikin rufi, ko tana da amfani, ko kuwa asarar kuɗi ce.

Ita wannan kumfa, ruwan magani iri 2 ake haɗawa a bakin na'urar feshi. Da sun gauraya sai su kumbura, su manne wa kwano, su daskare nan da nan. Akwai mai laushi kamar soso, wadda ke shan danshi, akwai kuma mai tauri, wadda ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi. Lalle tana tare zafin rana, tana kuma rage ƙarar ruwan sama.

Amma fa tana da aibi babba, watau tana lulluɓe katakon rufi. In ƙusa ta saki, kwano ya fara yoyo, ruwa zai kwanta a jikin katako yana ruɓar da shi, mai gida bai sani ba. Gara ma takan yi ɓarnarta a ɓoye. Kankare kumfar kuwa aiki ne mai wuya da tsada.

Abin da ya faru a Ingila ya isa ishara. A shekarar 2020 gwamnatin ƙasar ta tallafa wa jama'a da kuɗin gyaran gidaje don tare sanyi, waɗansu suka yi feshin kumfa da shi. Daga baya bankuna da dama suka ƙi ba da rance a kan irin waɗannan gidaje, domin masu duba gini ba su iya ganin lafiyar katakon. Masu son sayar da gidajensu suka koma biyan kuɗin cire ta. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Har wa yau, kumfar tana cin wuta, hayaƙinta kuwa guba ne, don haka wajibi ne a rufe ta da silin mai jure wuta. Tururin maganin yana cutar da huhu. Dole ma'aikaci ya rufe hanci da jiki, iyali kuma su ƙaurace wa gidan aƙalla awa 24.

Inda ta fi dacewa shi ne rufin kwano mai ƙarafa, kamar na sito ko ɗakin sanyi. Mai gidan da aka yi wa rufi da katako, gara ya fara da silin mai kyau, da kafofin shan iska a ƙarƙashin rufi, da farin fenti a bayan kwano. Wanda ya nace sai kumfa, to, ya sa kafinta ya toshe yoyo tukuna, ya tabbata katako a bushe yake, ya kuma karɓi takardar shaidar aikin ya adana.

Allah ya sa a gane, amin.