A Bakin Shinge: Abin da Doka Ta Ba Mu da Abin da Take Nema a Wajenmu



Da yawanmu a wannan zaure mun taɓa ganin shuɗiyar fitilar 'yan sanda a madubin mota a nan Ingila. Mun san dokar hanya ta 1988 ta ba ɗan sanda mai kayan sarki ikon tsayar da kowace mota, ya nemi lasisin tuƙi da inshora da shaidar lafiyar mota, kuma wanda bai taho da su ba yana da kwana bakwai ya kai su caji ofis. Mun san cewa idan zai caje mu, sai ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilinsa, kamar yadda dokar 1984 ta tilasta, wadda ta biyo bayan tarzomar Brixton ta 1981. Mukan yi tambaya ba tare da gabanmu ya faɗi ba. Amma da mun sauka gida, muka hau hanyar Kaduna zuwa Kano, muka hango shinge, sai bakinmu ya mutu, hannu ya nufi aljihu. Wasunmu kuwa sai su ɗaga murya da Turanci, wanda ya fi muni.

Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, kusan duk abin da muke taƙama da shi a nan yana rubuce a dokar Najeriya. A watan Satumba na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin wadda asalinta ke komawa ga 1943, zamanin Turawa. Dokar ta yarda ɗan sanda ya tsayar da mutum ya caje shi idan akwai zato mai tushe, amma kafin ya taɓa shi sai ya bayyana sunansa, da ofishin da ya fito, da abin da yake nema, da dalilin zatonsa. Ta kuma ce shekarun mutum, ko askinsa, ko irin tufafinsa ba su isa su zama dalili ba. Mace kuwa mace ce za ta caje ta.

Ku lura da lokacin. Wata guda bai cika ba da sa hannu, zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, aka rushe rundunar a ranar 11 ga Oktoba. Mako guda kafin nan Sufeto Janar Mohammed Adamu ya gargaɗi jami'ansa su daina bincika wayoyin mutane ba tare da izini ba. Wato abin da matasa suka fito titi suna kuka a kansa, doka ta riga ta hana shi. Ba ta dai iso bakin shinge ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma tun tuni ya kare sirrin wasiƙun ɗan ƙasa da hirarsa ta waya.

Idan maganar ta wuce tsayarwa ta kai ga kamu, sashe na 35 ne garkuwa. Wanda aka kama yana da haƙƙin yin shiru har ya gana da lauya. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Ba a kama uba a madadin ɗa, ba a kama mutum saboda bashi, kuma belin 'yan sanda kyauta ne, ko da yake duk mun san yadda wannan kalma take shan wahala a aikace.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wajibi ne mu tsaya idan an tsayar da mu. Wajibi ne lasisi da inshora da takardun mota su kasance da rai. Wanda takardunsa suka mutu ya shiga shinge a matsayin mai roƙo, ba shi da bakin tambayar kowa sunansa. Hana ɗan sanda aikinsa ko kai masa hannu laifi ne. Kuma abin da muke kira na goro, dokar yaƙi da cin hanci ta 2000 ta ɗauki mai bayarwa mai laifi ne kamar mai karɓa. Mu da muke rubuta dogayen maƙaloli kan lalacewar shugabanci, mu ne kuma muke naɗe takardar kuɗi cikin lasisi don kada a ɓata mana minti goma.

Ba mu ce a yi gardamar doka da mai bindiga a dajin Allah da tsakar dare ba. A rage gudu, a kunna fitilar cikin mota, a bar hannuwa inda za a gan su, a gaisa. Idan za a buɗe but, a fito a tsaya ana kallo. A yi tambaya da ladabi: "Ranka ya daɗe, me ake nema?" Idan an ci zarafi, a riƙe sunan da ke ƙirjin jami'in, da lambar motarsu, da wurin, da lokacin, sannan a kai ƙara ga sashen karɓar ƙorafi na rundunar, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Mu dai sau ɗaya muke bin waɗannan hanyoyi a shekara. Direban haya da ke tashi daga Kano zuwa Zariya kullum yake bi, kuma dokar da Turancin lauyoyi take. Don haka muke gabatar wa kwamitin gudanarwa shawara: masu karatun shari'a a cikinmu su mayar da waɗannan sassa Hausa, kada su wuce shafi ɗaya, lauya mai aiki a gida ya duba, a kuma naɗi murya saboda waɗanda ba sa karatun boko. Duk mai tafiya hutun Disamba ya ɗauki nasa kason ya kai tashar garinsu. Takardar rubuta suna tana wajen sakatare.